Naomi da Kujerar Bakin Taga

Akwai wata yarinya mai suna Naomi, 'yar wani manomi da ake kira Bakoji, a Saminaka ta Birnin Gwari. 'Yan shekaru ne bayan samun 'yancin kai, lokacin da 'yan mata uku kacal suke ajinsu na firamare.

Naomi ba ta iya zama wuri ɗaya. In an aike ta rafi, sai ta dawo da gashin tsuntsu a hannu, tulun kuwa yana can bakin ruwa. Takan amsa tambaya kafin a gama yi mata, ta ɓatar da fensir uku a mako guda.

Malaminsu, Malam Abarshi, saurayi ne mai tsafta da ji da kansa. Al'adarsa ce duk ɗalibin da ya dame shi ya mai da shi kujerar baya, ta bakin taga. Tagar nan kuwa daji take kallo. Daga nan Naomi take hango kaɗanya tana zubar da 'ya'ya, da shanu suna ratsa raɓar safiya kamar a kan gajimare suke tafiya.

"Naomi! Bakwai sau takwas?"

"Malam, balbelar can saniya ɗaya kawai take so."

Aji ya fashe da dariya. Ran nan Malam ya aika aka kira Bakoji. "Baba, kanta ba na boko ba ne. Ƙarshen wata zan soke sunanta daga rajista."

Naomi ta yi kuka har idanunta suka kumbura, don tana son makaranta. Uwarta ta ja ta zuwa ɗakin shan magani, wurin ma'aikaciyar jinya Sista Martha, tana zaton ciwon kunne ne.

Sista ta duba kunne, ta duba ido. Ta tambayi barcinta da cin abincinta, da ko wani abu ya taɓa firgita ta.

"Mama, tun yaushe take haka?"

"Tun tana rarrafe, 'yar nan. Ko goyo ba ta yarda da shi ba."

"To, yau ba zan ce komai ba. Ba a gane yaro a zama ɗaya."

Washegari Martha ta tafi makaranta. Dama Malam Abarshi ya saba zuwa wurinta da ciwon kan da ba shi da shi. Da ya gan ta a ƙofar aji, alli ya suɓuce masa.

"Malam, yau ni na biyo ciwon kan naka," ta ce tana murmushi. Ta zauna a baya kwana uku, tana kallo, tana rubutawa. Ran Lahadi ta lura da Naomi a coci, nan ma ƙafarta ba ta daina motsi ba.

Sai ta bi ta gida da yamma. Ta tarar da ita a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa, kakarta tana ba da labari mai tsawo. Yatsun yarinyar suna aiki, amma fuskarta a natse kamar ruwan randa. Martha ta buɗe littafin ajinsu, ta karanta shafi guda. Naomi ta maimaita mata shi, ba ta tsallake komai ba.

Martha ta koma wurin Malam. "Ka ajiye mai ƙishi a bakin rafi, ka ce kada ta kalli ruwa. Ba taurin kai ba ne, hankalinta ne yake saurin tashi. Ka dawo da ita gaba, ka riƙa ba ta umarni ɗaya bayan ɗaya, ka bar ta da gyaɗa a hannu."

"Gyaɗa? A ajina, Sista?"

"Mako uku kawai." Ta sunkuyar da kai. "Ita kuma tambayar aure da ka yi mini tun lokacin kaka, ina so in ga haƙurinka kafin in amsa."

Aka yi hakan. Naomi ke share allo, ita ke kaɗa ƙararrawa, don ta samu ta motsa. Wasu ranaku sun yi kyau, wasu kuwa Malam sai ya ciji leɓe.

Ƙarshen wata ya buɗe rajista, ya ɗauki alƙalami. Ya dubi Naomi.

"Naomi. Bakwai sau takwas?"

Ɓawon gyaɗa ya yi ƙara sau ɗaya.

"Hamsin da shida, Malam."

Ya daɗe yana kallon sunanta, sannan ya rufe alƙalaminsa, bai soke shi ba. Da aka tashi, Naomi ta ruga gida da murna, ta manta jakarta a ƙarƙashin benci. Malam Abarshi ya ɗauka da kansa zai kai mata, amma sai ya bi ta hanyar ɗakin shan magani.

Darasi: Ba kowane yaro mai rawar kai ne marar ji ba. Wasu suna da abin da likitoci a yau suke kira ADHD, kuma ba a tabbatar da shi da kallo ɗaya: sai ƙwararre ya ji ta bakin iyaye da malamai, ya duba lafiyar yaron, ya san halinsa a gida da makaranta. Kafin ku yanke wa yaro hukunci, ku kai shi a duba. Ku tura wa wata uwa ko wani malami wannan labari, wataƙila akwai wata Naomi da take zaune a bakin taga yanzu haka.