Tsinken Tabawa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Wata zalɓe ce, sunanta Tabawa, ba ta son hayaniya. 'Yan'uwanta duk a kan gawo ɗaya suke sheƙa, a tsakiyar tafki. Ita ta ce a'a.

Shekarar fari ta yi sheƙa a ciyawar bakin ruwa. Wuri shiru. Ta je kamun kifi, Guza ya zo ya yi kalaci da ƙwanta.

Shekara ta biyu ta hau giginya ita kaɗai. Nan ma shiru. Ta je kamun kifi, Hankaka ya zo gaisuwa, bai tafi da yunwa ba.

Shekara ta uku girma ya fara kama ta, ƙwai uku suka rage mata a duniya. Ta haɗiye girman kai, ta nufi gawo.

Ta tarar da sheƙa kan sheƙa, kashi ya yi wa itacen farin fenti, kowa na zagin kowa. Ta kawo tsinke, ta juya, babu. Ta kawo wani, babu. Na uku kuwa a gabanta aka zare shi.

Ta kai ƙara wurin dattijuwar unguwa, Gwaggo Yalwa.

"Gwaggo, nan ɓarayi kuka tara?"

"Maƙwabta dai, 'yar nan. Aro muke ce masa. Nan idon kowa na kan gidan kowa."

Tabawa ta tsaya da ƙafa ɗaya, ta juya maganar a ranta. Ta lallaɓa ta gama sheƙa, ta yi ƙwai. Ta kwanta, ta kwanta, har yunwa ta ci ƙarfinta. Kafin ta fita, ta samo tsinke miƙaƙƙe, sumul, ta soke shi a bakin sheƙa, ta bar rabinsa a waje.

Zalɓe arba'in suka zuba masa ido. Kowa na so, kowa na gadin kowa.

Sai ga Hankaka, da sallamarsa. Ya sauka daidai kan tsinken.

"Kai! Tun safe nake jiransa!"

"Ke wa? Ni na fara gani!"

"Baƙo ma? A unguwarmu?"

Suka yi masa ca. Sara ta nan, sara ta can. Ya tsira da rai, gashin wutsiya dai ya bar musu tukuici.

Tabawa ta dawo, ƙwai uku cif. Ta ce, "Gwaggo, Allah ya saka, kun tsare mini ƙwai."

Gwaggo ta ce, "Wane ƙwai?" Ta zare tsinken ta wuce.

'Ya'ya uku suka ƙyanƙyashe, kuma sun fi kowa baki. Shi ya sa har yau zalɓe ke sheƙa a taro, bisa dogon itace kusa da ruwa. Maƙwabcin da ya sa maka ido, ko don tsinkenka ne, ya fi dajin da ba mai ganinka.

Ƙurunƙus! Ba don Hankaka na saurare ba, da na rantse gaskiya ce.