Ranar da Anti Ta Bar Tawul a Kwando

Akwai wani mai aski da ake ce wa Tsinke, saboda tsabar ramarsa. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi. Kujerar aski ɗaya ce, sai dogon benci, da fanka mai kuka kamar za ta faɗo wa mutane, da wani ƙaton madubi da ke kallon ƙofa. Ku riƙe madubin nan a ranku, jama'a, don zai dawo cikin labarin.

Iyayen Tsinke sun rabu tun yana ɗan yaye. Kakarsa ta wajen uba ce ta riƙe shi, mahaifiyarsa kuma ta yi wani aure a gari mai nisa. Idan ta zo ganinsa, yaran gidan sukan ce mata Anti, shi ma sai ya bi bakinsu. Ba wanda ya gyara masa, ita ma kunya ta hana ta gyarawa. Haka ya girma, har ya yi gemu, yana kiran uwar da ta haife shi Anti.

Ana nan sai wajen aikin mijinta suka turo shi garin da Tsinke yake, na ɗan wani lokaci. Ta zo ta tarar da ɗanta ya zama mutum. Ba ya buƙatar a yi masa wanka, ba ya buƙatar a raka shi makaranta, duk abin da uwa ke yi wa ɗa ya wuce ta. Ranar da ta fara shiga shagon ta duba nan, ta duba can, tana neman abin da za ta kama. Sai idonta ya faɗa kan kwandon tawul masu datti a bayan ƙofa. Ta ɗauke shi ba ta tambayi kowa ba.

Daga ranar ya zama aikinta. Duk ƙarshen mako za ta zo da tawul da mayafan askin a wanke, a goge, a ninke, suna ƙamshin wani sabulu da Tsinke bai san sunansa ba. Sai ta zauna a ƙarshen benci ta ɗan jima tana kallon hannunsa yana aiki. Shi kuma idan tana zaune har wani gyara tsayuwa yake, yana kaɗa almakashi a iska ba gaira ba dalili.

Wallahi yaron nan yana son matar nan. Idan shago ba kowa, yakan tsaya gaban madubi ya gwada cewa Mama, a hankali, don bakinsa ya saba. Amma da ta sako ƙafa sai ka ji ya ce sannu da zuwa Anti. Saboda haka babu ko mutum ɗaya a shagon da ya san mahaifiyarsa ce. Mace ce da jikinta bai nuna shekarunta ba, kowa ya ɗauka wata 'yar uwa ce ko maƙwabciya mai kirki.

To, shagon nan akwai wata banzar ɗabi'a a cikinsa. Tunda madubi na kallon titi, duk macen da ta gifta ana ganinta ba sai an waiwaya ba. Sai samarin da ke kan benci su hau ba ta maki ta cikin madubin. Jagoransu wani mai sayar da wayoyi ne, Mai Gilas, wanda ko ana ruwan sama ba ya cire baƙin tabarau. Shi ne babban kwastoman Tsinke, kuma shi ya jawo masa rabin masu zuwa shagon.

Akwai wani suna da suka tsinto a waya, da suke liƙa wa duk macen da ta haihu amma namiji ya kalle ta ya ji sha'awa. Ku gafarce ni, sau ɗaya zan rubuta shi a shafin nan: wai zazzafar mama. Idan mace ta wuce da goyo ko tana riƙe da hannun yaro, sai wani ya jefa shi, a sheƙe da dariya. Tsinke ma ya iya shi, har ya fi su iya jan sautin. A ganinsa ai yabo ne, tunda ba zagi aka yi ba, cewa aka yi tana da kyau.

Wadda ta fi shan sunan wata malamar makaranta ce da ke kawo ɗanta aski. Tun ana faɗa bayan ta fita, har aka fara faɗa tana bakin ƙofa. Daga baya ta daina kawo yaron. Tsinke ya lura, amma ya ce wa ransa wataƙila ta sami wani shago kusa da gida.

Wata rana da yamma ana yayyafi, Mai Gilas na kan kujera, an aske gefe ɗaya na kansa. Anti ta iso da ledar tawul, ta tsaya a gefen ƙofa tana kakkaɓe lema, daidai inda madubi ba ya kamawa. A lokacin malamar ta zo wucewa ta tsallaken titi, tana jan ɗanta da sauri. Tsinke ya hango ta a madubi, ya ɗaga murya ya jefa mata sunan nan, da jan sautin da ya saba. Benci ya ɗauka da dariya.

Dariyar ba ta gama sauka ba Anti ta shigo. Mai Gilas ya ganta ta madubi, ya ɗan sauke tabarau ya ce, “Kai Tsinke, ka bar waccan. Ai antin nan taka ita ce shugabarsu duka.”

Mai gidan da ya koya wa Tsinke aski ya sha gaya masa cewa ba a musu da mutumin da ke kan kujera sai ya sauka. Shekara da shekaru hannunsa da bakinsa suna bin wannan dokar, duk shirmen da kwastoma ya faɗa sai ya taya shi da 'yar dariya ya ci gaba da aiki. Ranar ma kafin zuciyarsa ta gama jin abin da aka faɗa, bakinsa ya riga ya yi dariyar. Gajeriya ce, amma Anti ta ji ta.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye wankakkun tawul a inda ta saba, ta gyara musu zama. Ba ta zauna a benci ba, ba ta kuma taɓa kwandon masu datti ba. A bakin ƙofa ta juyo, muryarta ƙasa ƙasa, ta ce, “Tun kana rarrafe nake jiran in ji kalmar mama a bakinka. Yau na ji ta.”

Ta buɗe lema ta tafi. Mai Gilas ya tambaya ko lafiya. Tsinke dai ya ƙarasa askin yana kallon ƙeyar mutumin.

Ƙarshen mako ya zo, Anti ba ta zo ba. Wani makon ya sake zuwa, shiru. Kwando ya cika har ya zubo. Tsinke ya wanke tawul ɗin da kansa a bokiti, suka bushe da tauri kamar kwali. Ya bi shaguna yana sunsuna sabulai ɗaya bayan ɗaya, masu shago na kallonsa kamar zararre, bai sami ƙamshin nata ba. Akwai tawul ɗaya da ya rage daga wankinta na ƙarshe. Ya hana kansa amfani da shi, ya sa shi a cikin durowa.

Duk macen da ta gifta da lema ko leda sai ya ɗaga ido ga madubi. Madubin da a da yake leƙen matan mutane da shi, yanzu mace ɗaya yake nema a ciki. Idan wani ya zauna a ƙarshen benci, sai ya ji kamar ya ce masa ya matsa. Yana kewarta, kewa irin ta yaron da aka bari a gidan kaka, ga shi kuma da gemunsa.

Da abin ya ishe shi sai ya tafi gidanta. Ta karɓe shi da kyau, ta kawo masa ruwa da abinci, ta tambayi aiki. Amma a falo akwai kwalaye a ɗaure da igiya, an sauke labule. Nan ya ji cewa an sake tura mijinta wani wuri, tafiyarsu ta kusa.

Ya durƙusa yana ba ta haƙuri. Cikin ruɗewa ya hau kare kansa, wai Mai Gilas bai san ita ce mahaifiyarsa ba, da ya sani da bai faɗa ba, kuma su a wajensu ma kalmar kamar yabo ce.

Anti ta ajiye kofin da take nannaɗewa da jarida. Ta ce, “Idan yabo ne, me ya kawo ka ba ni haƙuri?”



Ta ƙara da cewa, “Ni ba abokinka ne ya ƙona min rai ba. Kai ne, tun kafin in shigo. Matar nan da ka jefa wa sunan, yaron da take ja da hannu ba Mama yake ce mata ba? Ko sai ni kaɗai ce uwa, don ni na haife ka?”

Ta gaya masa cewa ta yafe masa nata tun a hanya, don uwa ba ta iya riƙe ɗa a zuci. Amma ba za ta sake zama a bencin da ake yanka mata da ido ba, kuma haƙurin da ya kawo ba ita kaɗai ce mai shi ba.

Washegari Tsinke ya nemo kafinta. Aka cire madubin daga inda yake, aka mayar da shi bangon gefe, inda ba ya ganin komai sai kujera da fanka. Mai Gilas ya zo yana tsiya, wai an kashe musu talabijin. Yana kan kujera, an ɗaura masa mayafi, ya sake jefa sunan nan a kan wata da ya hango ta ƙofa. Tsinke ya kashe inji, ya kwance mayafin, ya gaya masa cewa matar da ya yi wa ba'a rannan mahaifiyarsa ce, kuma ko da ba ita ba ce, daga yau ba a kiran uwar kowa haka a shagon nan. Mai Gilas ya ce abin wasa ne ya mai da shi babba. Ya fita da rabin aski, ya tafi da yaransa, benci ya koma fayau.

Sai kuma Tsinke ya je ya tsaya a ƙofar makaranta lokacin tashi. Malamar na ganinsa ta ja ɗanta baya. Ya ba ta haƙuri kansa a ƙasa. Ta gaya masa cewa ranar yayyafin nan yaron ya tambaye ta a gida mene ne ma'anar abin da mai aski ya kira ta, kuma har yau ba ta san amsar da za ta ba shi ba. Ta ce yanzu zagaye suke yi ta bayan layi don kada su bi ta gaban shagonsa. Ta ce ta ji haƙurin, amma ba ta yi masa alkawarin dawo da yaron ba.

Ranar tafiyar su Anti da safe, Tsinke na share gashi a ƙasa, mutum biyu na jira, sai ga mota ɗauke da kaya ta tsaya a ƙofa. Anti ta sauko da leda a hannu. Sabbin tawul ne ta saya, ta wanke su da sabulunta, ta goge. Ta tsaya tana kallon bangon da madubi ya bari, da ramukan ƙusoshi a jiki.

Tsinke ya jingine tsintsiya. Bakinsa ya ɗauko Anti kamar kullum, ya haɗiye ta. Ya ce, “Sannu da zuwa, Mama.”

Ta ce, “Na'am.” Sannan ta juya ta hau yi masa faɗa a kan tawul ɗin da ya wanke, wai ko ɗauraya bai iya ba, tana yi tana goge ido da gefen mayafi. Ta zauna a ƙarshen benci, ya kama askin mutum ɗaya tana kallon hannunsa. Bai kai rabi ba aka danna mata hon daga waje.

Yanzu ta waya suke gaisawa, kuma Mama yake ce mata. Amma makonnin nan da ta yi a gari ɗaya da shi tana ƙin zuwa, su ne na ƙarshe da yake da su, kuma sun tafi. Har yau ba ya barin kowa ya zauna a ƙarshen bencin nan. Idan ka tambaye shi dalili, sai ya ce maka ƙafar wajen ce ke rawa.

Darasi: Sunan da ba za ka so a kira mahaifiyarka da shi ba, kada ka kira uwar wani da shi, kuma kada ka taya mai faɗarsa dariya. Kalmar da ke ɗauke mace daga matsayinta na uwa ta mai da ita jikin da ake ba wa maki ba yabo ba ce, cin mutunci ne, kuma 'ya'yanta suna ji. Ku tura labarin nan ga abokanku, musamman masu zaman benci a shaguna da bakin titi. Allah Ya saka wa iyayenmu mata da alheri.