Dattijon da Ya Shafa wa Gurasar Jibi Turare

Akwai wani manomi, dattijo a wata ƙaramar ikilisiyar ƙauye, wanda ya dawo daga sujada wata Lahadi, ya wurgar da hularsa kan tabarma, ya ce wa matarsa, "Maman Rifkatu, ki aika a tara dangi. Yau an kashe ni, an binne ni, an kuma tattake kabarin."

Matar tana tankaɗe gari, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Allah ya ji ƙanka. Wa ya kashe ka wannan karon?"

"Barnaba mana! Wa kuma?"

To, ga abin da ya faru. A ikilisiyar nan dattawa biyu ne ke raba gurasa ranar Jibin Ubangiji. In fasto ya gama addu'a, sai kowannensu ya ɗauki faranti, ya gutsuttsura gurasar, ya bi benci-benci yana sa wa kowa a tafin hannu. Manomin nan shi ke da ɓangaren dama tun kansa bai yi furfura ba. Yana da farar riga da ba ta fitowa sai ranar Jibi, yana da wata tafiya ta ƙasaita da yake ajiyewa don ranar. Sai aka zaɓi Barnaba, wanda a gaban idon manomin aka yi wa baftisma, aka ba shi ɓangaren hagu. Tun daga nan mutane suka fara zamewa da ɗai-ɗai. Ran nan da manomin ya juyo da farantinsa, sai ya ga dama kamar an share, hagu kuwa ana ta matse juna.

Matar ta ce, "Ka san abin da suke gudu? Barnaba kafin ya taɓa gurasa sai ya je wurin tasar nan ta gefen tebur ya wanke hannu da sabulu. Kai kuwa da safe ka dama wa awaki dusa, ka tsaya bakin majami'a ka gaisa da kowa hannu da hannu, ka fyace hanci a hankici, sannan ka ce mutane su buɗe hannu."

Ya ce, "Ni? Hannun da ya riƙe faranti tun Barnaba na yawo ba wando? In bi bayansa in wanke hannu a gaban jama'a, a ce a wurinsa na koya? Wannan ba tsabta ba ce, talla ce. Ƙamshin sabulu yake sayar musu. To, in ƙamshi suke so, za su sha shi."

Ranar kasuwa ya sayo turare, irin mai maiƙon nan da in ya taɓa riga sai ta tsufa da shi. Ya ɓoye a aljihun farar rigar.

Da Jibi ya zagayo, Barnaba ya nufi tasa yadda ya saba. Manomin ya juya baya kamar mai addu'a, ya tuttula turaren a tafinsa, ya murza har tsakanin yatsu. Sannan ya gutsuttsura gurasa, ya taho da tafiyar nan tasa.

Waɗanda suka rage a dama tsofaffi ne da ba sa iya sauya wurin zama. Na farko ya sa a baki, ya kama tari. Na biyu ya runtse ido, ba don addu'a ba. Sai aka zo kan Kaka Tabita, tsohuwar da ta daɗe kwance da ciwo, ranar ce ta fara samun ƙarfin zuwa. Ta sa gurasa a baki. Ta kasa haɗiyewa don ɗaci, ta kuma kasa tofarwa, gama ba a tofar da gurasar Jibi. Ta yi ta fama har hawaye suka zubo, da kyar ta wuce. Ga ta kuma kunnenta ya yi nauyi, raɗarta har waje ake ji. Ta karkata wajen 'yarta ta ce, "Ke, wannan gurasar ta Ubangiji ce, ko ta Baban Rifkatu?"

Barnaba ya tsallako da farantinsa, ya ƙarasa rabon ɓangaren dama. Da ya yi wa manomin dariya ma, da ya fi masa sauƙi. Bayan sujada fasto da sauran dattawa suka ce wa manomin ya ajiye faranti tukuna.

Ya koma gida ya zauna. Matar ta ce, "Yau ma Barnaba ne?"

Ya ce, "Tun daga majami'a nake neman inda zan rataya masa, ban samu ba. Ni na sayo, ni na shafa, ni na sa tsohuwa kuka." Ya shinshina hannunsa. "Amma dai turaren mai kyau ne."

Ta ce, "Tashi ka wanke hannu. Ba za ka taɓa mini tuwo da shi ba."

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Gurasar da muke karɓa a teburin Ubangiji don tunawa da shi ce, wanda ya ba da jikinsa dominmu. Wanda aka ba faranti, abin da ya fi daraja a gidan aka danƙa masa, zai kuma kai shi bakin tsoho, da mai ciki, da wanda bai gama warkewa ba. Kada wani ya ce abu mai tsarki ne, datti ba ya kama shi. Tsarkinsa ne ma ya sa za ka wanke hannu, ka yanke farce, ka rufe faranti, in mura ta kama ka kuma ka bar wa wani. Yin haka ba ƙarancin bangaskiya ba ne, tsoron Allah ne da ƙaunar ɗan'uwa.

Amma ku lura, dusar awaki ba ita ta kayar da manomin nan ba, da ruwa da sabulu sun isa su fitar da ita. Kishi ne ya hana shi zuwa tasa, don kawai wani ya riga shi. Ku ma fa haka ne, ko a ƙungiyar mawaƙa, ko a zumuntar mata, ko a cikin gida. Ɗan'uwa ya yi abu mai kyau, maimakon ka koya, sai ka nemi abin da zai sa a waiwayo a dube ka. Duk abin da ka ƙara wa hidimar Allah don a ji ƙamshinka, a bakin wani zai zama ɗaci. Mai rabon da ya yi aikinsa daidai, in an tashi sujada ba wanda zai tuna daga hannun wa ya karɓa.