Ayabar Bayan Maƙera

A wani zamani mai nisa, tun ana ƙidaya tafiya da zango, an yi wata ƙasa a bisa duwatsu inda sanyi ya fi kowane basarake iko. Idan lokacinsa ya kama, ruwan randa kan wayi gari da ɓawon ƙanƙara, tsofaffi ba su barin bakin murhu sai hantsi ya dubi ƙasa sosai. Alkama da albasa suna yi a can, amma duk tsiro mai faɗin ganye irin na kurmi, ko an kawo shi, ba ya ganin wata biyu.

Sarkin ƙasar, Jatau, mutum ne mai zafin zuciya, ba kuwa ya janye magana. Mahaifiyarsa 'yar ƙasar kurmi ce. Da tsufa ya kama ta, idanunta suka tafi, sai ta shiga cewa ba ta da sauran buri a duniya illa ta sake jin ƙarar ganyen ayaba cikin iska, kamar yadda take ji a bayan ɗakin uwarta. Sarki ya rantse a gaban fada cewa sai ayaba ta tsaya da ƙafarta a birninsa kafin tsohuwa ta cika.

Akwai wani madugu a birnin mai suna Arzika. Shi ya ɗauki nauyin kawo dashe, ya ce daga tsakiyar kurmi yake ɗauko su, tafiyar kwana arba'in. Saboda haka Sarki ya ba shi mayaƙan rakiya, ya ba shi wurin zama kusa da karaga. Shekarar farko dashen suka mutu, aka jefa Sarkin Lambu cikin Kogon Ɗigo, wani kurkuku a ƙarƙashin dutse inda ruwan sanyi ke ɗiga a kan mutum ba tsayawa. Shekara ta biyu ma suka mutu, wanda ya gaje shi ya bi shi. A ta uku aka kirawo wani manomin albasa mai suna Nomau, aka naɗa masa rawanin Sarkin Lambu, aka ajiye tukwane bakwai a gabansa.

Sarki ya ce, "Kogo ya cika. Kai in ka kashe su, hauni mai sare kai ne zai karɓe ka."

Nomau ya shekara talatin yana lambu, bai taɓa jin tsoron tsiro ba sai a wannan karon. Ya ba su taki, ya ba su ruwa, ya kewaye su da zana. Kwana goma ganyen ya fara ƙonewa daga baki. Kullum da safe sai ya tsaya nesa ya kasa ƙarasawa, don kada ya ga abin da ya ƙaru. In ya ji takun doki a bayan katanga, sai ya ɗauka shi aka zo kamawa. Ranar da dashe na huɗu ya kwanta, sai ya tafi gidan Waziri Barmo, dattijo mai ƙarancin magana, ya faɗi ya yi gaisuwa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ban zo neman ceto ba. Na zo in bar maka amanar iyalina."

Waziri ya dube shi ya ce, "Mutum uku, dukanku masana ƙasa, a ce duk hannunku ya lalace a kan abu ɗaya? Ban yarda ba. A ƙasar nan ko kewayenta, babu wanda sana'arsa ita ce renon irin waɗannan dashe?"

"Ina jin labari, ranka ya daɗe, amma ban san wuri ba."

"To, nemo shi."

Waziri ya shiga wurin Sarki ya ce tsiron na bukatar wata irin ƙasa da babu ita a birni. Sarki ya ba Nomau kwana goma sha biyu, ya haɗa shi da dogarai biyu, ya kuma sa aka kawo matarsa da 'ya'yansa cikin fada aka tsare, in bai dawo ba su tsaya a madadinsa.

Nomau ya gangara da tukunya ɗaya a goye kamar jariri. A kasuwar gindin dutse ya tarar da masu sayar da dashe jere, kowa na rantsuwa nasa ba ya jin sanyi. Ya ja wani kaɗan, sai ga reshe ne tsirara an soka a ƙasa, ko saiwa babu. Ya wuce gari na biyu, aka tura shi na uku, a can aka ce mai renon irin dashen ya rasu bara. Kwana bakwai suka tafi a haka. Dogaran suka daina yi masa magana, ya lura ɗayansu ya fara riƙe igiya a hannu maimakon a jaka. A rana ta takwas wata mai tallan nono ta ga abin da ke bayansa ta ce, "Wannan ai irin na Inna Tabawa ne. Ku zaga bayan dutse, inda marmaro mai ɗumi yake."

Lambun Tabawa hawa-hawa ne a jikin dutse. A ƙasa kusa da marmaro ga ayaba, ga gwanda, ga citta, kore shar. Kowane hawa na sama tsironsa ya fi gajarta, ya fi kauri. Tsohuwar ta karɓi tukunyar, ta juya ta, ta sa babban yatsanta a wani ɗan lotsi da ke gindi, ya zauna daidai.

Ta ce, "Ni na gina tukunyar nan, ni na rena abin da ke ciki. Wa ya ba ka?"

"Madugu Arzika, Inna. Ya ce daga kurmi, kwana arba'in."

"Kwana biyu dai. Duk kaka yana zuwa ya ɗauki bakwai, lafiyayyu."

Ta ɗebi ƙasar tukunyar ta ɗanɗana, ta tofar. Ta miƙa masa ya ɗanɗana. Kanwa ce, an jiƙa an zuba har ta ratsa saiwa. Nomau ya zauna a kan dutse. Ya tuna mutum biyun da ke cikin kogo, ya kuma tuna irin kusancin Madugu da Sarki, sai tsoronsa ya ƙaru maimakon ya ragu.

Tabawa ta hau da shi hawa na ƙarshe, ta haƙo masa 'ya'yan ayaba uku waɗanda uwarsu ta sha sanyi shekara biyar a wurin. Ta ce, "Ɗan nan, ka saurara da kyau. Ka nemi katangar da ke tare iskar arewa, in da hali mai ɗumi. Ka jera baƙaƙen duwatsu a gindi, su sha rana su mayar musu da ɗumin da dare. Kada ka ba su ruwan safe, sai wanda ya yini a rana. In sanyi ya tsananta ka naɗe jikin da ciyawa. Ganyen zai yi baƙi ya zube, kowa zai ce ta mutu. Ran ayaba ba a ganye yake ba, yana can tsakiya. In an matsa maka, ka sare ta, ka jira."

"In na sare na tarar babu rai fa, Inna?"

"To, babu. Ni ba na yi wa mutum alkawarin abin da ke hannun Allah."

Ya iso birni a rana ta goma sha biyu da la'asar, aka saki iyalinsa. Ya kwashe labari ya gaya wa Waziri. Waziri ya ce, "Ka rufe bakinka. In muka faɗa yanzu, zai ce kai ka zuba kanwar don ka wanke kanka, Sarki kuwa shi zai gaskata. Bari sai ya kawo wasu da hannunsa." Ya aika wa Tabawa a asirce cewa in Madugu ya zo ta ba shi kamar kullum.

Nomau ya zaga birni kaf, bai sami katanga mai ɗumi ba sai ta bayan maƙera, inda wuta ba ta mutuwa yini guda. Nan ya dasa. Fadawa suka yi ta dariya wai an kai ayabar Sarki unguwar baƙin gawayi. Dashen suka kama, suka fitar da sabon ganye. Sai sanyi ya sauko, irin wanda tsofaffi suka ce ba su ga kamarsa ba. Wata safiya Nomau ya zo ya tarar ganyen duk sun yi baƙi sun rataye kamar tsumma. Ya san an gaya masa haka za a yi, amma da ya gani da idonsa sai ya fara shakkar maganar tsohuwar.

Kwana biyar bayan haka Madugu Arzika ya shigo fada da sababbin tukwane bakwai, bakinsu ɗaure da fata. Ya faɗi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na ji abin da ya faru tun ina hanya. Ga wasu, ko hannu ban bari an sa musu ba. A nemo mai lambu na huɗu."

Aka kawo Nomau. Hauni na tsaye a gefen dama, ya riga ya naɗe hannun rigarsa. Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa.

Waziri ya ce, "Zaki, ba a yi wa mutum hukuncin kisa a kan gawar da ba a gani ba. A je a duba."

Sarki ya tashi, fada ta bi shi har bayan maƙera. Nomau ya kwance ciyawar, aka ba shi wuƙa. Ya sare ta farko daga sama, ciki ruɓaɓɓe. Ya sake sarewa ƙasa, haka nan, har gindi. Ta biyu ma haka. Saura ɗaya. Ya sare ta uku, baƙi. Ya sauko da taƙi ɗaya ya sake sarewa, sai ga tsakiya fari sol, ruwa na tsattsafowa.

Madugu ya ce, "Ko kututturen da ya mutu jiya yana da ruwa, Allah ya ba ka nasara."

Nomau ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "A ba ni zuwa la'asar."

Sarki ya sa aka shimfiɗa masa buzu a nan, ya zauna. Aka ɗaure Nomau a turken da ke gefe, hauni ya tsuguna kusa da shi yana goge takobi da gefen riga. Maƙera suka ci gaba da aiki a bayan katanga, kowane bugun guduma Nomau yana jin sa a ƙirji. Azahar ta yi, bai ga komai ba. Ya rufe ido ya yi ta salati. Can sai ya ji wani bafade ya ce, "Ku duba." Daga tsakiyar saran wani ɗan abu ya ɗago, naɗaɗɗe, kore-kore, tsawon gaɓar yatsa. Sarki ya durƙusa da kansa ya taɓa shi.

Waziri ya ce, "Saura tambaya ɗaya, Zaki. Me ya sa wannan ta rayu a hannun da waɗancan suka mutu? A kawo tukwanen Madugu, a kawo ragon fada."

Aka kwance fatun, aka jera tukwanen, aka ajiye wata cike da ƙasar bayan maƙera a tsakiyarsu. Rago ya shinshina ta tsakiya ya wuce. Ya kai baki ga ta Madugu, ko ganyen bai kula ba, ya shiga lasar ƙasar kamar zai cinye tukunyar. Duk wanda ya taɓa kiwo a wurin ya san abin da ke sa rago haka. Sarki ya ɗebi ƙasar ya sa a harshe, ya ji kanwa. Sannan Waziri ya sa aka fito da Tabawa, wadda ya riga ya sa aka kawo a ɓoye, daga cikin matan da ke kallo, ta bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya tana sa yatsanta a lotsin gindi, ta faɗi ranar da ya ɗauke su.

Madugu ya zube ƙasa. Ya ce ya ji tsoro ne in ayaba ta kama, ba za a ƙara bukatarsa a fada ba.

Sarki ya ce, "Ka sa na zalunci mutum biyu, ka kusa sa ni zubar da jinin na uku. Shekarun da suka yi a kogo, a haɗa, ka yi su, sannan ka bar ƙasata. Dukiyarka a raba wa gidajensu." Ya juya ga Nomau ya kwance shi da hannunsa, ya ce, "Laifin Madugu nasa ne, amma saurin hukunci nawa ne. Daga yau ba a ƙara kama mai lambu don tsiro ya mutu." Ya ba Tabawa marmaron da duk hawan dutsen, ita da zuriyarta, ya ce duk mai son dashe a ƙasar ya nufi wurinta. Da bazara ta yi, ayabar ta buɗe ganye shida, aka ɗauko mahaifiyar Sarki a kan gado aka ajiye ta a gindinta, ta yini a nan tana sauraron ƙarar ganyen cikin iska.

Amma tun a ranar shari'ar, kafin rana ta faɗi, Nomau ya roƙi a bar shi ya je kogo da kansa. Ya fito da mutanen biyu, sun rame, sun tare idanu da hannu saboda haske. Na farkon, wani tsoho mai suna Cindo, ya ƙi a kai shi gida, ya ce sai an kai shi ya ga abin da ya ci masa shekara biyu. Aka riƙo shi har bayan maƙera. Ya tsuguna da ƙyar, ya shafa kututturen, ya tura yatsa cikin ƙasar gindinsa, ya murza.

Ya ce, "Nomau, ruwan nan ya yi yawa. Ka rage."

Nomau ya ce, "To, Baba."

Haka masu ba da labari suka kawo mana shi, mu ma a nan muka sauke.