Kashi Saba'in da Uku Cikin Ɗari

An yi wani mutum, malamin makarantar sakandare, wanda Allah ya hore wa baki. Ya 'yan uwa, in na ce baki, to baki nake nufi. Mutumin nan zai iya gamsar da kai cewa hularka ta fi dacewa da ƙafarka, ka cire ka taka, har ka yi masa godiya. Kada ku tambaye ni sunansa. Kada kuma ku fara waiwayen malaman makarantar da ke zaune cikinmu, ba ya nan.

Shi ne mai kula da ƙungiyar muhawara ta makarantarsu. Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda abin yake. Ana tara makarantu a babban ɗakin taro, a ba da batu guda, a jefa ƙuri'a. Wata makaranta ta goyi baya, wata ta soka. Kowane ɗalibi minti biyar gare shi, da sun cika mai kula da lokaci zai kaɗa ƙararrawa, ko kana tsakiyar kalma sai ka haɗiye ta. Alƙalai uku suna gaba suna ba da maki. Makarantar da ta ci kofi sau uku a jere, kofin ya zama nata har abada.

Gaskiya ɗaya ce, malamin nan ya iya aikinsa. Yakan ɗauki yaron da ko gaisuwa ba ya iya ƙarasawa don kunya, ya koya masa tsayuwa, ya koya masa inda zai ja numfashi da inda zai ajiye hannunsa. Kafin zango ya ƙare sai ka ga yaron yana kallon alƙalai ido cikin ido. Da a nan ya tsaya, da yau addu'a nake yi masa, ba wa'azi da shi ba.

To ina Shaiɗan ya shigo? Ta ofishin malamai ya shigo, ana gobe gasa.

Malam yana zaune yana neman hujja guda mai ƙarfi da zai ba yaransa, ya duba littattafai bai samu ba. A kusurwar ofishin akwai wata tsohuwar fanka ta tsaye, mai ƙara kamar injin niƙa. Sai idonsa ya sauka a kan sunan kamfanin da ke jikinta, wani dogon suna mai karya harshe. Ya kalle shi, ya sake kallo. Ya jawo kati ya rubuta: Farfesa wane, bayan bincike na shekara ashirin, ya gano cewa kashi saba'in da uku cikin ɗari. Sauran ya cike da abin da yake so.

Me ya sa saba'in da uku? Ai na ce muku mutumin yana da kai. Yakan ce, in ka ce kashi saba'in, za a ce ƙiyasi ka yi. In ka ce saba'in da uku, za a ce lallai wannan ya zauna ya ƙirga.

Washegari yarinyar da aka ba katin ta ambaci sunan farfesa da ƙyar, alƙalai suka gyaɗa kai. Wane alƙali ne zai yarda a gane bai san babban masani ba? Suka ci.

Daga ranar farfesa ya kama aiki. In batun noma ne, ya yi bincike. In batun cunkoson motoci ne, ya yi bincike. Tarbiyyar yara, wasan ƙwallo, riƙe waya a aji, babu inda bawan Allah bai kwana shekara ashirin ba. Alƙalai kuwa kowace shekara sababbi ake kawowa, babu wanda ya zauna sau biyu balle ya lura.

Kun tuna ƙuri'a ake jefawa, ba wanda ya san ɓangaren da zai faɗo masa. Saboda haka Malam kati biyu yake rubutawa. Na goyon baya a aljihun dama, na suka a aljihun hagu. A duka biyun farfesa yana nan, da saba'in da ukunsa. Da an jefa ƙuri'a sai ya zaro wanda ya dace ya miƙa wa mai magana, ɗayan ya yi kwanciyarsa a aljihu. Mutum ɗaya ne ya taɓa ganin katunan biyu tare, wani ɗalibi shugaban ƙungiya mai kyan rubutu, da Malam ya sa ya kwafa masa su wata shekara. Malam ya yi masa bayani yana dariya, yaron ma ya yi dariya. Ku riƙe wannan yaron, za mu sake haɗuwa da shi.

Matarsa ta sani. Wata rana tana ninke masa riga ta ce, "Malam, wannan farfesan naka yaushe zai zo gidan nan mu ba shi ko ruwa? Ya yi mana wahala da yawa."

Ya ce, "Ke dai ba ki gane ba. Muhawara ce, wasa ne. Shaida na bayar a kotu?"

Ta ce, "Ni dai kunnen Auta nake ji maka."

Auta ita ce ƙaramar 'yarsu, kuma a nan zancen yake, ya 'yan uwa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yarinyar nan ta gaji bakin ubanta, ta zama mai magana ta farko a ƙungiyarsa. Amma akwai abin da take da shi wanda ya fi baki: ta yarda da babanta. A wurinta, in Baba ya ce, to an gama. In ƙawayenta suka yi mata musu, ba ta rantsuwa, sai dai ta ce Babana ne ya faɗa. Har wasiƙa ta rubuta wa farfesa, tana so in ta gama makaranta ta je ta yi karatu a hannunsa. Ta kawo wa uban ya aika mata. Ya karɓa ya ce farfesa ya tsufa, ba ya amsa wasiƙa, amma littafinsa yana nan a kulle a durowa, in ta girma zai ba ta.

Wane uba ne Allah zai ba irin wannan dukiya ya jingina ta da fanka?

Shekara ta zagayo. Makarantar Malam ta ci kofi biyu a jere, saura ɗaya ya zama nasu. Suka kai zagayen ƙarshe. Ɗakin taro ya cika, iyaye, shugabannin makarantu, ɗalibai har kan taga. Malam ya sha sabuwar riga, ya zauna a layin gaba, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Shugabar alƙalai wata dattijuwa ce, tsohuwar shugabar makaranta da ta yi ritaya, tabarau a rataye a wuya. Batun kuwa shi ne makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo.

Wa ke horar da ɗaya makarantar? Yaron nan mai kyan rubutu. Ya girma, ya zama malami, ya kuma tafi da gadon da aka ba shi. Shi a zatonsa Malam ya daɗe da yi wa farfesa ritaya ya ɗauki wani.

Aka jefa ƙuri'a, goyon baya ya faɗo wa su Auta. Hannun Malam ya shiga aljihun dama.

Auta ta hau. Ta yi magana mai daɗi, mai tsari, har dattijuwar tana murmushi. Ana saura minti guda ta ɗaga murya ta ce, Farfesa wane, bayan bincike na shekara ashirin, ya gano cewa kashi saba'in da uku cikin ɗari na ɗaliban kwana sun fi na jeka-ka-dawo ƙoƙari. Ɗaki ya ɗauki tafi.

Mutum ɗaya ne bai tafa ba. Matashin malamin can ya fara zufa, yana yi wa ɗalibinsa alama da hannu, da ido, da gira. Ina! Yaron haddacewa ya yi, irin haddar da in ka zare layi ɗaya sauran su zube. Ya hau, ya buɗe baki, ya yi ta zuba. Can sai ya buga ƙirji ya ce, Farfesa wane, bayan bincike na shekara ashirin, ya gano cewa kashi saba'in da uku cikin ɗari na ɗaliban jeka-ka-dawo sun fi na kwana ƙoƙari.

Sai wani daga baya ya ce, "To farfesan nan wane ɓangare yake?" Ɗaki ya fashe da dariya. Mai kula da lokaci ya yi ta kaɗa ƙararrawa, babu mai jin sa.

Dattijuwar ta sa tabarau. Ta ce ita shekara talatin da biyar tana koyarwa ba ta taɓa jin wannan masani ba, amma ilmi kogi ne. A kawo mata littafin.

Yaron ya ce malaminsu ne ya ba shi. Auta kuwa ta miƙe, idonta a bushe, ta ce, "Ranki ya daɗe, nasu ne na ƙarya. Littafin yana gidanmu, a durowar babana. Babana bai taɓa ƙarya ba." Ta sauko har gabansa ta miƙa hannu. "Baba, ba ni makullin, yanzu zan dawo."

Ya 'yan uwa, ku dubi mutumin da Allah ya hore wa baki. Zufa ta karyo masa. Ya sa hannu a aljihun hagu don ya zaro hankici, katin ya biyo hankicin ya faɗi a ƙafar 'yarsa.

Yarinya mai ladabi, ta durƙusa ta ɗauko masa. Kafin ta miƙa idonta ya faɗa kan rubutun. Rubutun babanta ne, farfesa ɗaya, saba'in da uku ɗaya, magana a juye. Ta karanta har ƙarshe. Ba ta yi kuka ba. Ta haɗa katin da nata, ta kai teburin alƙalai da hannunta, ta koma ta zauna.

Matashin malamin ya tashi ya faɗi sauran, har da fankar. Shugaban makarantar su Malam, wanda ya yi shekaru yana shan iskar farfesa bai sani ba, ya ɗora hannu a ka. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ga shi an zo ƙarshensa a gaban mutum ɗari biyar.

Aka kori makarantun biyu daga gasar. Aka ba da kofin ga wata ƙaramar makaranta da ta zo ta uku, yaran da hujjarsu ba ta da ado amma tasu ce. Aka goge sunan makarantar Malam daga shekarun baya, aka karɓe ƙungiyar daga hannunsa. Aji ma ya gagare shi. In ya ce ruwa yana tafasa in ya ji wuta, sai a ji murya daga baya: "Malam, fanka ce ta faɗa?" Kafin shekara ta ƙare ya ajiye alli. Yanzu yana wani ɗan shago yana buga wa mutane takardu, kuma duk layin Saba'in da Uku suke kiran sa. In ya ce za a yi ruwa, sai kowa ya leƙa waje ya duba da kansa.

Kuna dariya, ni ma na yi. Shi ma da kansa yakan yi. Aiki ana samun wani, kofi kuwa ƙarfe ne. Amma ku ji abin da ba ya yi wa dariya.

Auta ba ta raina shi ba. Tana gaishe shi da safe, tana kai masa abinci, ba ta taɓa tayar da zancen ba. Sai dai tun ranar ba a sake jin ta ce Babana ne ya faɗa ba. Lokacin da sakamakon jarrabawarta ya fito, ta ci da kyau, ya kira ta ya zaunar da ita. Ya ce mata yana alfahari da ita, bai taɓa son wani abu a duniya kamar yadda yake son ta ba. Wallahi gaskiya ya faɗa, tsantsarta. Ta yi murmushi ta ce, "Na gode, Baba." Amma ya ga idonta ya sauka a kan aljihunsa na hagu kafin ta tashi.

Shi ya ba ni wannan labari da bakinsa.

To ya 'yan uwa, ku ce mini, wace ƙarya ce ƙarama? Shi ma wasa ya kira ta. Babu wanda ya mutu, babu wanda aka ƙwace wa gona. Amma ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, furen nan kuwa a gaban yara ya shuka shi. Kai mai aika yaro ya ce ba ka nan alhali kana ɗaki, ke mai cewa yi shiru zan sayo miki alhali ba ki da niyya, katin hagu kuke rubutawa. Wata rana za ku buƙaci ɗanku ya yarda da ku a kan magana guda ta gaskiya, ku tarar kun riga kun kashe yardar a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Ku tura 'ya'yanku muhawara, ku je ku tafa musu. Ku koya musu su yi magana da hujja, in babu hujja su ce ban sani ba, su sauko da mutuncinsu. Faɗuwa da gaskiya ba ta hana mutum barci.

Allah ya shiryi wannan bawa nasa, ya mayar masa da abin da ya ɓatar a zuciyar 'yarsa, don babu abin da ya gagare Shi. Allah ya sa harshenmu ya zama ɗaya a ɓoye da sarari. Allah ya kiyaye mu da ranar da za mu faɗa wa 'ya'yanmu gaskiya su tsaya suna duban aljihunmu. Amin.