Mako Tara Tsakanin Mota Biyu

Akwai wani dattijo a Kwatano, a unguwar Agla, mai suna Barnabé Hounkpatin, wanda abokai ke kira Sufeto. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin duba sikeli da ma'auni a kasuwanni, kuma har ya yi ritaya bai taɓa amincewa da abin da bai auna da hannunsa ba. Yana alfahari da wannan hali, ba ya kuma gajiya da ambatonsa.

Wata huɗu bayan ritayarsa, matarsa Philomène, mai sayar da atamfa a kasuwar Dantokpa, ta yanke jiki ta faɗi a rumfarta. Ta farfaɗo da shanyewar ɓarin jiki na dama. Ƙafa ta yi nauyi, hannu ya dunƙule, harshe ya yi kauri, har sai ta yi fama kafin kalma ɗaya ta fito.

Ranar da aka sallame su daga asibiti, likitar gashin ƙashi ta tsayar da Barnabé a bakin ƙofa, tana kiransa Tonton, wato kawu.

"Tonton, ka saurare ni da kyau. Litinin, Laraba da Juma'a ka riƙa kawo ta. Watanni ukun farko su ne namu. Ƙafa tana da haƙuri, amma hannu ba ya jira. Idan ya sandare, ba ni da abin da zan yi masa."

"Na ji, 'yata. Mota zan saya."

Da gaske yake yi. Philomène ba ta iya riƙe kanta a bayan babur, ga shi babur ne abin hawan gari. Kuɗin sallamarsa na aiki suna nan, sun kuma isa sayen mota matsakaiciya mai ƙofa huɗu, irin waɗanda ake saukewa daga jirgin ruwa bayan an ɗan mora. Guda ɗaya tak, domin mai fansho ba ya sayen mota sau biyu.

A makon farko ya ɗauki shatar tasi sau biyu. Da ya ga abin da shata ke ci, sai ya ce kuɗin motarsu ake gutsura, ya dakatar.

"Ki yi haƙuri, uwar Sèna. Mako mai zuwa tamu za ta iso, mu huta da roƙon direbobi."

Ya tafi filayen motoci na Sèkandji da tef ɗinsa na awo. Cikin kwana uku ya tace ɗaruruwan motoci suka koma biyu. Ɗaya ruwan toka ce, mai tsayin rufi, ba ta da wani ado. Ɗayar baƙa ce wuluk, mai kujerun fata, rufinta ya zubo ta baya, ta kwanta a ƙasa kamar kada. A nan ya tsaya.

Kowace Asabar da safe, masu motocin unguwar sukan haɗu a wurin wankin mota, su ci shinkafa da wake yayin da ake wanke musu. A nan Barnabé ya kai maganarsa, da hotuna a waya. Gratien, tsohon mai fiton kaya a tashar jirgin ruwa, shi ne mai babbar murya a wurin, shi ya kuma raɗa wa motocin suna. Ruwan tokar ya kira ta Akawu, baƙar kuwa Minista.

"Sufeto, me kake tunani kuma? Minista mana. Ka tsaya da ita a ƙofar coci, limami da kansa zai fito ya buɗe maka."

Wani ya ce, "Limami zai saya masa mai? Wannan ba ta shan man kwalba na bakin titi. Ka ba ta sau ɗaya, ta yi maka tari har Kirsimeti."

"Kai da ka saba da man kwalba, ai shi ya sa motarka take warin kifi."

"Akawu kuwa ko a Bohicon ta tsaya, bakanike zai kwance ta ido a rufe. Kayan gyaranta har masu tumatir suna sayarwa."

"Shi ya sa kowane ɗan tasi yake da ita. So kake a riƙa ɗaga wa Sufeto hannu a titi, ana tambayarsa nawa ne zuwa Ganhi?"

Aka yi dariya. Barnabé bai yi ba. Yana rubuta kowace magana, wadda ta yabi Akawu a hagu, wadda ta yabi Minista a dama.

A gefen benci akwai Anselme, malamin makaranta, wanda ya fi su ƙuruciya, ya kuma fi su ƙarancin magana. Motarsa tsohuwa ce ƙwarai, fentinta ya koɗe. Sai da hayaniya ta lafa sannan ya ce:

"Fofo Barnabé, yayana, muna hutun makaranta. Kafin ka yanke shawara, bari in riƙa kai Tanti Philomène asibiti. Ba wani nisa ba ne."

Barnabé ya dubi motar, ya dubi mai ita.

"A cikin wannan akurkin? Matata mara lafiya ce, Anselme, ba buhun gawayi ba."

"To ka kai ta Sèkandji ta zauna a cikin kowace. Ita ce za ta hau."

"Ita ta san atamfa, ni na san awo. Na auna wurin miƙe ƙafa, na auna faɗin kujera, na auna cikin but. Me zama zai gaya mini wanda tef bai gaya mini ba?"

Gratien ya ce, "Malam, ka tsaya ga alli." Anselme ya ci gaba da cin abincinsa.

Mako na biyu ya wuce, na uku ya bi shi. Barnabé ya kai bakanike ya saurari injinan biyu. Bai gamsu ba, ya kai wani. Na farko ya zaɓi Akawu, na biyu ya zaɓi Minista, sai ya nemo na uku domin ya raba gardama, shi kuwa ya ce duk biyun lafiyarsu ƙalau. Barnabé ya dawo gida a fusace, yana cewa babu sauran masu sanin aiki a ƙasar nan.

Philomène tana zaune a kujerar guragu a baranda, hannunta na dama a kan cinya. Ta ɗaga na hagu ta tsayar da shi.

"Barnabé... motar... ina so..."

"Baƙar, ko? Na sani. Idonki bai taɓa kuskuren kaya mai kyau ba."

Ta girgiza kai.

"To ruwan tokar? Kin gani, ke ma kin rasa ta zaɓa. Ba abu ne mai sauƙi ba."

Ta buɗe baki za ta sake gwadawa, amma ya riga ya shige ɗaki yana neman tabaransa. Tun da ta kwanta haka yake yi mata. Yana ganin taimako ne ya ƙarasa mata magana, don kada ta wahala.

A mako na biyar 'yarsu Sèna ta kira daga Parakou, inda take aiki.

"Papa, sau nawa Mama ta je gashi?"

"Ana shiri."

"Sau nawa, Papa?"

"Sau biyu. Amma ina murza mata hannun da man kaɗanya kullum."

"Man kaɗanya likita ta ce? Ka sayi kowace ce mana. Mota ce, ba aure ba."

"Haka kuke, yaran yanzu. Ku sayi abu yau, gobe ku yi kuka. Ni ban taɓa sayen abin da na yi nadama ba."

A mako na shida wani ɗan kasuwa ya zo ya biya Akawu ya tafi da ita. Maimakon hakan ya sauƙaƙa wa Barnabé, sai ya ce ba a yanke hukunci da shaida ɗaya. Ya nemo wata irinta, ya sake awo daga farko. Dillalin da ke yawo da shi ya fara ɓuya idan ya hango shi.

Sai a mako na tara ya biya Minista. Ya gaya wa kowa cewa wurin miƙe ƙafarta ya fi na ɗayar da yatsa uku, kuma haka ne. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, tun ranar da aka yi masa dariyar tasi ya kasa mantawa.

Ranar Litinin da safe ya tsayar da ita a ƙofar gida, tana sheƙi. Maƙwabta suka fito. Gratien ya zo sanye da hula, kamar shi ya saya. Aka turo Philomène, an yi mata kwalliya.

Barnabé ya buɗe ƙofar baya. Ƙofar ba ta buɗewa sosai, kujerar kuma tana can ƙasa, ta lotsa ciki, gefenta ya taso. Kafin mutum ya shiga sai ya sunkuya, ya lanƙwasa gwiwa, ya karkata wuya a lokaci guda. Ƙafar Philomène ta dama ba ta lanƙwasuwa. Ya ɗaga ta, kanta ya bugi rufi. Ya sassauta, ƙafar ta maƙale a bakin ƙofa.

"Ku gwada gaba," in ji Gratien.

Gaban ya fi bayan zurfi. Mata biyu suka kama, ɗaya ta kafaɗa, ɗaya ta ƙugu. Suna cikin juya ta sai ta zame daga hannunsu ta zauna a kan yashi, zaninta ya kwance a gaban jama'a. Wata maƙwabciya ta yi maza ta rufe ta da nata mayafin. Maza suka kawar da kai.

Barnabé, don ya sami abin yi da hannunsa, ya naɗe kujerar guragun ya kai but. Cikin but ɗin yana da faɗi kamar yadda ya auna, amma bakinsa ƙarami ne. Ya juya kujerar ta kowace fuska, ta ƙi shiga.

Daga inda take zaune a ƙasa Philomène ta kira sunansa. Wannan karon babu wanda ya san abin da za ta ce balle ya ƙarasa mata.

"Tun... mako na biyu... nake so in ce... ka kai ni... in zauna a ciki."

Ta ɗauki lokaci mai tsawo kafin ta kai ƙarshe, kuma kowa ya ji.

Barnabé ya tsaya riƙe da kujerar. Can ya ajiye ta, ya ciro waya ya kira Anselme. An riga an koma makaranta, amma Anselme ya nemi izinin awa biyu ya zo. Ya buɗe ƙofar motarsa, wadda take buɗewa har ƙarshe, kujerarta kuma a miƙe take kamar ta falo. Philomène ta juya baya ta zauna, aka ɗaga mata ƙafa ɗaya. Shi ke nan.

A asibiti likitar ta ɗauki hannun ta fara buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Tana saki suna komawa. Ta gwada wuyan hannu, ta gwada gwiwar hannu, Philomène tana cije leɓe.

"Tonton, ina kuka shiga?"

"Mota nake nema."

"Mako tara?"

Ya fara bayanin bakanike uku da motar da aka saye. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce:

"Ƙafar za mu yi aiki a kanta, ina sa ran za ta taka. Hannun zan yi iya ƙoƙarina, amma ba zan yi maka alkawarin da na so in yi maka a watan farko ba."

Washegari Barnabé ya koma Sèkandji domin ya mayar da Minista. Dillali ya gaya masa abin da ya riga ya sani, cewa motar da ta fita daga fili da takardunta ba ta dawowa. Gratien ne ya saye ta, da ragi mai zafi, yana cewa don zumunci ya yi.

Ranar Asabar Anselme ya kai su filin su biyu. Philomène ta zauna a cikin mota huɗu, ta fita daga cikin mota huɗu. A ta huɗun ta daki kujera da hannun hagu ta ce, "Wannan." Motar ta girmi Akawu da shekara biyar, launinta kuma babu mai iya faɗin sunansa. Duka abin bai kai awa ɗaya ba.

Daga ranar Barnabé bai sake tsallake Litinin, Laraba ko Juma'a ba. Bayan wata biyar Philomène ta fara takawa da sanda, maganarta ma ta saki. Hannun bai buɗe ba. Mai hannu ɗaya ba ta iya warware atamfa ta auna ta ninke, don haka ƙanwarta ce take zama a rumfar Dantokpa yanzu.

Ɗaurin ɗankwali ma hannu biyu yake buƙata. Kowace Lahadi da safe Barnabé ne yake tsayawa a bayanta gaban madubi yana ɗaura mata, kuma har yau bai iya ba. Kullum a karkace yake fita, kunne ɗaya a rufe, ɗaya a waje. Matar da a da ake zuwa rumfarta don a kwaikwayi ɗaurinta, haka take shiga coci.

Idan wata ta matso za ta gyara mata, sai ta ɗaga sandarta ta tare.

"Ki bar shi yadda yake. Mijina ne ya ɗaura, kuma ina so ya riƙa ganinsa daga inda yake zaune."

Darasi: Bincike kafin saye abu ne mai kyau, amma binciken da ya cinye lokacin da aka ba ka ya zama sakaci, komai kyan sunan da ka ba shi. Idan za ka sayi abu domin wani, shi za ka fara tambaya kafin abokan hira, ka kuma jira har ya gama magana da bakinsa. Kada girman kai ya sa ka ƙi taimakon da ke gabanka yau saboda abin da kake shirin mallaka gobe. Ku tura wannan labari ga duk wanda kuka san yana riƙe da wata shawara alhali wani yana zaune yana jiransa.