Kififiya da Burgu Mai Son Gishiri

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

An yi wata tsohuwar Kififiya a wani kurmi mai fadama. Rafi yana shigo wa fadamar da ruwa mai daɗi, ɓaure yana zubo mata 'ya'ya har bakin raminta. Ba ta rasa komai ba.

Wata shekara sai ganye ya fara ja tun kaka ba ta yi ba. Ƙasa ta yi fari fat kamar an barbaɗa gari. Kififiya ta lasa, ta ji gishiri.

Ta je wurin Ɓaure. "Ɓaure, me ya same ka?"

Ya ce, "Gishiri a saiwa, ƙishi a ganye."

Ta tambayi Kanya, ita ma ta ce, "Gishiri a saiwa, ƙishi a ganye."

Ta tambayi Giginya. Ita ma haka ta ce, amma ta ƙara: "Iya, ni doguwa ce. Ina hango Burgu ya toshe bakin rafi da laka."

Ashe Burgu ya gane idan sabon ruwa bai shigo ba, rana za ta shanye na kwance, gishirin ƙasa ya taso, shi kuwa ya yi ta kankara yana lasa.

Kififiya ba ta yi faɗa ba. Ta soya gyaɗa ƙwarya guda, ta ja jiki har gindin madatsar.

"Sannu da aiki, Malam Burgu. Ga gyaɗa na kawo, sai dai lami ce."

"Lami? Iya, ai kin zo gidan gishiri!"

Ya zuba, ya ci. Ta ce, "Ƙara, ɗana." Ya ƙara, ya ci. Ta ce, "Ƙara." Ya ƙara, ya cinye tas, ciki ya yi tim.

Sai ƙishi ya taso. Ya kurɓi ruwan fadama, ya tofar, gishiri ne zalla. Ya yunƙura zai hau madatsar, ciki ya dawo da shi.

"Iya, zan mutu!"

"Mai daɗin yana bayan lakar nan, ɗana. Kai da haƙa ai ba a koya maka."

Ya yi ta haƙa, ya yi ta haƙa. Sai ruwa ya ɓalle, fuuu! Ya yi awon gaba da Burgu, da ƙyar ya kama reshe, jelarsa ta cusu cikin tarin gishirin da ya kankara. Shi ya sa har yau bakin jelar burgu fari ne.

Ruwa ya wanke fadama. Da damina ta zagayo, Ɓaure ya yi toho, Kififiya ta kwanta a inuwa tana cin 'ya'yansa.

Kun ji, yara: wanda ya toshe ruwan jama'a, ƙishinsa zai buɗe shi.

Ƙurunƙus, kan burgu mai farar jela!